Kujerar Inna ta kai bakin ƙofa

Ƙarfe bakwai saura kwata Inna take buɗe ɗakin ƙarshe na makarantarmu, wanda ke kusa da famfo. Ba ta kunna fitilar sama, domin tana da wani siririn ƙara da mu ba ma ji, amma yaranta suna jin sa har cikin kai. Sai ta ja labule rabi, ta goge tebura huɗu, ta jera katuna a igiyar da ta ɗaura daga taga zuwa ƙusa: hoton takalmi, hoton littafi, hoton kofi, hoton banɗaki, hoton ƙofar gida. Yaro na shigowa zai ga yadda wuninsa zai tafi. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan, kuma a takardar aiki ba ta taɓa wuce mai taimaka wa malamai ba.

Yaran ɗakin su ne masu lalurar da likitoci ke kira otizim. Wasu ba sa magana, wasu ba sa haɗa ido da mutum, wasu kuma ƙararrawar tashi kaɗai ta isa ta sa su toshe kunne su kwanta a ƙasa. Shekara tara nake koya musu karatu, kuma abin da na sani game da su a wurinta na koya. Ranar da na fara ɗaga murya a kan wani yaro, ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ba taurin kai ba ne. Duniyar ce ta yi masa yawa. Ki faɗi kalma biyu, ki ƙirga goma a zuci, ki jira."

Ba ta taɓa ce wa iyaye tana da magani ba. Takan tura su wurin likita da masu koyar da magana, ita kuma ta riƙe abin da ya rage, wato kowace safiya. Hannuwanta duk tabon cizo ne. Takan miƙa su tana dariya: "Wannan ya fi rajistar makaranta. Wanda ya cije ni nan wurin yanzu gyaran waya yake yi, har ya yi aure."

Bana gwiwoyinta suka ƙi. Tana zama da ƙyar, tashi kuwa sai an kama ta. Takardar ritaya ta zo, kuma a lokacin akwai yarinyar da muke kira 'Yar Murfi, mai shekara bakwai, wadda ke jera murafun kwalba a kan tebur bisa launi. Makarantu uku sun mayar da ita gida kafin ta zo mana. Ba ta shan ruwa, ba ta zuwa banɗaki, ba ta miƙa wa kowa kati sai Inna tana zaune a gefenta. Shugaban makaranta ya faɗa mana ba tare da ya ɗago kai ba: "Idan ba ta zauna ba bayan Inna ta tafi, sai dai uwarta ta ɗauke ta." Uwar ta ji. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Inna, na gaji. Ban san wata ƙofar da zan buga ba."

Ni na kawo shawarar a ɓoye wa yarinyar, Inna ta daina zuwa kawai, a daure kwana biyu. Ta kalle ni ta ce, "In ɓace mata rana ɗaya? Ke aka yi wa haka, za ki ƙara yarda da wani?"

Abin da ta yi shi ne, kowace safiya ta matsar da kujerarta faɗin tayil ɗaya na daɓen ɗakin zuwa wajen ƙofa, sabuwar mai taimakon da aka kawo ta maye gurbinta kuma ta matso tayil ɗaya. Rana ta tara yarinyar ta gane. Ta watsar da murafun, ta buga kanta a tebur, ta ciji Inna a wuyan hannu. Inna ta sa tafinta tsakanin goshin da katakon har abin ya lafa, washegari ta dawo da kujerar baya tayil uku, aka sake farawa. Ranar ritayar ta zo kujera tana tsakiyar ɗaki. Aka yi mata ɗan taro a ofis, aka ba ta agogon bango. Ranar Litinin, bakwai saura kwata, na same ta tana ja labule. Na ce, "Inna, ai kin gama." Ta ce, "Takarda ce ta gama. Saura tayil bakwai."

Sati biyu bayan nan kujerar ta fita baranda. Wajen ƙarfe goma 'Yar Murfi ta ciro katin kofi, ta tsaya tsakiyar ɗaki, ta daɗe tana kallon ƙofa. Babu wanda ya motsa. Sai ta juya ta ɗora katin a cinyar sabuwar. Da na leƙa waje, Inna ba ta ko waiwayo ba, ta tambaya a hankali, "Ta ba ta?" Na ce ta ba ta. Ta sauke numfashi ta ce, "To, kama ni in tashi."

Ke ce, Inna, mai jiran da ba ya gajiya a idon yaro ko da jikinki ya gaji. Ke ce kika koya mana cewa barin yaro ma aiki ne da ake yi a hankali. Mun gode, a madadin iyayen da suka samu barci saboda ke, da yaran da ba za su iya furta godiyar ba. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa da hutun da kika daɗe ba ki samu ba.

Mu da muka rage, malamai da iyaye da maƙwabta, in mun ga yaro ya toshe kunne a kasuwa ko a mota, mu rage murya, mu daina zargin uwarsa, mu ƙirga goma.

Yarinyar tana nan a aji. Kujerar ma tana baranda, ba mu ɗauke ba, domin kowace safiya yarinyar takan ɗora murfi ɗaya a kan kujerar, sannan ta shiga.