Saƙon da Na Ba Direba

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na tarar a wurin uwata, wadda danginta masu shanu ne a wajen Gitata, haka kuma na yi. Da aka yaye shi, yayar maigidana ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta, nan Tudun Ƙofa, bayan namu kaɗan. Ita ta sa aka kai shi makaranta, ita ta yi kuka ranar da ya tafi jami'a a Zariya. Ni nawa kallo ne. In ya shigo gaisuwa sai in juya wajen murhu in amsa ciki-ciki. Amma babu abin da ke wuce idona a jikinsa. In ya rame na sani, in takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya na sani.

Ya gama karatun likitan dabbobi, ya yi bautar ƙasa a kudu, ya dawo a shekarun nan da kowane gida ke sauya rufi zuwa kwano, samari na yawo da rediyo a kafaɗa. Ba a jima ba labari ya zo: gwamnati ta ɗauke shi aiki, zai riƙa bin rugage yana yi wa shanu allura, kuma mota za a turo daga Jos ta ɗauke shi. Mota sukutum, har ƙofar gida! Unguwa ta ɗauka. Gwaggon tasa ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Maigida ya yanka rago, mata suka cika tsakar gida da daka, tela ya yi ta kai da kawo da sabbin wanduna. Ni na soya nama na yi dakuwa, amma ranar sau biyu ina zuba wa miya gishiri.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Tun dawowarsa na lura yana gai da manya a tsaye, hannu ɗaya cikin aljihu. Ba raini ba ne, sabo ne na inda ya zauna. Mutanen gari za su ce ai ɗan boko ne, su wuce. Dangin uwata ba haka suke ba. Wanda ya shigo ruga da motar gwamnati ya tsaya wa arɗo a ka, mai karɓar jangali za su ɗauke shi, kafin ya waiwaya an kora shanun an haye rafi. Ina so ya ji wannan kafin ya tafi, ga shi bakina ba ya zuwa kunnensa.

Na sami gwaggon tasa tana tankaɗe.

"Yaya, ki faɗa wa wancan, in ya je ruga ya cire hannu daga aljihu, ya tsuguna. Kuma kada ya tambayi mutum yawan shanunsa."

"Wane wancan?" in ji ta. "Wancan da yawa a gidan nan. Kuturu ne ko makaho?"

"Kin san wanda nake nufi."

Ta tafi tana dariya. Na bi ta da kunne ta bayan zana. Abin da na ji ta ce masa shi ne, "Mai murhu ta ce Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan! Da na tare ta, cewa ta yi, "Haba amaryarmu, likita guda zan ce wa ya tsuguna, ranar farin cikinsa? Je ki faɗa da kanki, bakinki ba ɗinke yake ba."

Na je wa maigida. Ya ce zai faɗa, baƙi suka shigo, magana ta bi ruwa.

Ranar tafiya da hantsi motar ta iso, koriya, doguwar ƙafa, da rubutu a ƙofarta. Unguwa ta fito kaf, har masu tallar nono suka sauke ƙwarya suna kallo. Direban wani dattijo ne ɗan ƙabilar Mada, mai gajeren wando da hular kaki, Hausarsa tana ɗan karkacewa. Aka loda akwati, aka loda katifa da buhun shinkafa. Wancan ya fito cikin sabon wando mai kaifin guga, yana sallama da mutane. Na duba. Hannun yana cikin aljihu.

Ban san sa'ad da na ja mayafi na fita ƙofar gida ba, ni da ba a ganina a waje. Mutane suka buɗe mini. Na wuce shi kamar ban gan shi ba, na tsaya gaban direba.

"Malam direba."

"Na'am Mama."

"Wanda za ka ɗauka ɗin nan, in kun je ruga, ka tsayar da motarka nesa, ku ƙarasa da ƙafa. Ka ce masa ya cire hannu daga aljihu, ya tsuguna wa arɗo, ya bari a gama gaisuwa ko za ta kai azahar. In an ba shi nono ya sha. Kada ya tambayi yawan shanun kowa."

Direba ya dube ni, ya dubi wancan da ke tsaye dab da mu.

"Mama, ai ga Oga nan, yana ji. Ko kurma ne aka ba ni?"

Wurin ya fashe da dariya. Gwaggo har da riƙe ciki, tana cewa, "Ku bar ta, yau amaryarmu ta yi baki!" Ni dai ban ɗaga idona daga hular direba ba.

Sai na ji dariyar ta ɗauke. Na saci kallo. Wancan ya zare hannu daga aljihu, ya tsuguna a ƙasa, sabon wandon nan cikin jar ƙasa, kansa a sunkuye.

"Malam direba," in ji shi, "ka ce mata na ji. Ka ce mata kuma ba zan shiga motarka ba sai ta sa mini albarka."

Direba ya cire hula ya sosa kai. "To Mama, wannan kaya ya fi ƙarfin motata. Ki ba shi da kanki."

Mata duk sun zuba mini ido, wasunsu sa'o'in uwata. Na san za a yi shekara ana ba da labarina a gidan suna. Na juya, na dube shi sosai, a gaban kowa, na ga ashe har ya fara sanƙo irin na ubansa. Na ɗora hannu a kansa.

"Allah ya yi maka albarka," na ce. "Tashi, kana ɓata wando."

Guɗar gwaggo ta rufe ƙarar motar. Na koma ciki da sauri kafin wani ya ga fuskata, na tarar shinkafata ta kama.