Motar Hayar da Na Ɗauko wa Baffa

Wata shida kafin mu tafi Umara, Baffa ya fara tattaki. Mahaifina ne, haka muka taso muna kiransa. A rugarmu ta wajen Taura ya yi rayuwarsa, sai da tsufa ya kama shi sannan na lallaɓo shi gidana a Dutse. Da an sallame Asuba sai ya ɗauki sandarsa ya bi ta gindin duwatsu, ya zaga ta bayan gonakin dabino, ba ya dawowa sai hantsi ya ɗaga. Na yi faɗan har na gaji. Mutumin da ya haura saba'in, ga ciwon suga, me zai kai shi yawo cikin raɓa?

"Kai ba ka san komai ba," in ji shi. "Ƙafafun nan sun kai shanu Kudu sun dawo da su, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sai in je Ɗakin Allah a tura ni a keke kamar buhun gero? Da ƙafata zan yi ɗawafi, in Allah Ya yarda."

Duk burinsa ke nan. Bai damu da masauki ba, bai damu da tsaraba ba. Zagaye bakwai da ƙafarsa, shi ke nan.

Cikin ayari muka tafi, mu kusan arba'in, yawanci mutanen Dutse da kewaye, da malami guda mai yi mana jagora. Madina muka fara sauka. Ni kuwa akwai ni da wani hali, ba zan ɓoye ba: ba na iya jira. In aka ce ƙarfe bakwai, to bakwai ta yi mini a bakin ƙofa. Ayari kuma bai san wannan ba. Ranar ziyara sai da muka yi awa biyu a cikin bas muna jiran wata hajiya da ta ɓatar da takalminta. Na cika na batse. Na ce a raina, wallahi ba da ni za a yi wannan tafiyar kurar zuwa Makka ba.

Da ma na taho da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda na yanka don burga fiye da don buƙata. Na je na ɗauko motar haya, 'yar ƙarama, fara ƙal, tana ƙanshin sabunta. Da malamin ya ji, sai ya ja ni gefe.

"Alhaji, hanyar nan fa ba hanyar Kafin Hausa ba ce. Ka bar tsohon nan a cikin jama'a."

"Malam, ga taswira a waya. Har magana take yi."

Ya dube ni, ya koma wajen jama'arsa. Shi ma Baffa bai so ba. Cewa ya yi a bar shi cikin mutane, tafiyar ibada ba a yin ta kamar an sato hanya. Na ce ai don ƙafafunsa nake yi, kada ya galabaita a bas. Da wannan na rufe masa baki. Har yau in na tuna da ƙafafunsa na kafa hujja, sai in ji kunya ta rufe ni.

Muka yi sammako, haraminmu na ninke a jaka. Shirinmu shi ne mu tsaya a miƙati, wato wurin da mai Umara yake wanka, ya ɗaura harami, ya yi niyya. Ba a wuce shi haka nan. A bas babu mai tunanin wannan, domin direba ya san wurin, malami kuma zai miƙe ya ce jama'a a sauka. Ni na ɗauka miƙatin yana can dab da Makka. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, ni da na yi digiri? Na rubuta Makka a waya, muryar matar nan ta cikin wayar ta ce miƙe, na miƙe.

Hanya kuwa sumul, ba rami, ba shingen duba takardu, ba akuya. Na sake jiki ina ta yabon kaina. Baffa yana gefena, dogon mutum ne, gwiwoyinsa sun tokare gaban motar. Carbi yake ja. Sau biyu ya tambaya, "Ba mu kai ba?" Na ce saura kaɗan.

Bayan kamar awa uku muka tsaya shan mai. Duk namijin da ya sauko daga bas sanye yake da harami, ana ta labbaika. Mu kaɗai ne da jallabiya da hula. Wani Bahaushe mazaunin can, mai sayar da shayi a wurin, ya ji muna magana ya matso muka gaisa. Da ya ji inda muka dosa, sai ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Ai miƙatinku yana bakin Madina. Tun fitowarku kuka wuce shi."

Ya ce in mun ga dama mu ɗaura daga nan, daga baya mu yi yanka na fansa. Na yi caraf na ce haka za a yi. Baffa bai ɗaga murya ba. Bai ma dube ni ba.

"Inda aka ce a tsaya, nan zan tsaya. Juya motar."

Na juya. Wata awa ukun muka sake ci a hanya. A miƙatin Baffa ya yi wanka, ya ɗaura, ya yi nafila, muka sake kama hanyar da muka riga muka ci fiye da rabinta. Ya yi labbaika tun da ƙarfi har muryarsa ta dusashe. Na ce mu tsaya ya miƙe ƙafa, ya ce an ɓata lokacin da ya isa. Ni kuma da haushin kaina na taka mota, ban matsa masa ba. Ya kamata in matsa.

Ana kiran Magariba muka shiga Makka. 'Yan ayarinmu, waɗanda na raina, sun daɗe da gama Umararsu, har sun yi aski sun ci abinci. Na buɗe wa Baffa ƙofa, ya yunƙura, ya kasa. Ƙafafun sun kumbura suntum, takalmin ya nutse cikin nama. Sai da mutum biyu suka kama mini shi.

Akwai likita a cikin ayarin. Ya duba, ya ba da magani, ya ce a ɗora ƙafafun a kan matashi, kada ya taka, ɗawafi kuma sai dai a keke. Baffa ya ce zai jira. Kwana uku ya yi cikin harami a ɗakin masauki, Ka'aba tana nan kusa, bai je ya gan ta ba, wai ba zai fara ganinta a zaune ba. Kullum da safe sai ya dafa bango ya gwada. Taku huɗu, biyar, sai ya zauna yana haki. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Ana gobe za mu taso, bayan Azahar, ya kira ni.

"Je ka nemo keken."

Na nemo. A bene masu keke suke ɗawafi, don haka daga sama ya fara ganin Ɗakin. Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi kabbara, na fara turawa.

A zagaye na biyu na ji keken ya yi nauyi, yana tirjewa. Na ɗauka taya ce ta lalace, har raina ya fara ɓaci da wanda ya ba ni shi. Na sunkuya in duba. Ashe Baffa ne ya sauke ƙafafunsa daga matakin keken, ya ajiye su a ƙasa. Tafin ƙafar yana jan daɓen, yana ɗan ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan, gwargwadon ikonsa. Na kai hannu zan mayar masa da su, ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"Bar su," ya ce. "Kai dai tura a hankali."

A hankali na tura, ni da ban taɓa yin komai a hankali ba. Mutane suna ta wuce mu dama da hagu. Har muka cika bakwai ƙafafunsa ba su bar ƙasa ba, ni kuma ban iya karanta addu'a ko ɗaya ba saboda kuka.