Waƙar da Iya Ta Hana a Bikin Yaya Hansai

Shekarar da damina ta sake yi mana gardama, mutanen ƙauyenmu suka koyi yin daka a hankali don kada maƙwabta su ji ƙarar turmi. Muna can arewa da Ɗanbatta, inda gida ke jingine da gida, gona ke jingine da gona, ba a ɓoye hayaƙi balle ƙamshin miya. Abin da bai canja mana ba, mu yara, shi ne murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Da an idar da sallar magariba sai ta tura kara cikin wuta, mu kewaye ta, cikinmu ba komai sai kwaɗon rama.

A cikin wannan hali aka sa bikin yayata Hansai. Ana saura 'yan kwanaki a sa lalle, wata zabiya mai suna Tabawa ta yi sallama gidanmu da ƙwaryar kiɗanta a ka. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ce ba ta neman lada, a ba ta tuwo kawai. Ta zauna kusa da Inna, mahaifiyarmu, tana jero tambayoyi: wane ne kakan amarya, ina gonakin gidan suke, rumbu nawa ake cikawa a shekarar albarka, Baba ya ajiye iri kuwa? Wai duk don ta saka a waƙa.

Iya tana gefe tana kaɗi. Sai na ga mazarinta ya tsaya.

Mu 'yan gida mun san abin da ba a faɗa. A ƙarƙashin gadon Iya akwai randa a binne, cike da irin gero. Shi za a shuka idan ruwa ya sauka. Ko ranar da muka kwana da ruwan zafi kaɗai ba a taɓa shi ba.

Da yamma matan gida suka taru a bakin murhu don a tsayar da waƙoƙin da za a yi. An yarda da ta rakiyar amarya, an yarda da ta nasiha, an soke masu habaici saboda dangin ango. Sai Inna ta kawo ta yabon gida, wadda ake kiran uban amarya mai rumbu, wanda baƙonsa ba ya kwana da yunwa.

"Ban da wannan," in ji Iya.

"Haba Iya! An yi wa 'yar kowa, sai tawa za a hana?"

Iya ta gyara itacen wuta. "Ku matso, yara. Tatsuniyar yau ta manya ce, ku dai ku ara mini kunne."

Ta ce a wata shekarar yunwa Gafiya ta tashi aurar da 'yarta. Kowa a daji ya rame, ita ce kawai gashinta ke sheƙi, amma ba wanda ya san inda take ajiya. Sai Dila ya rataya kalangu ya zo, ya ce zai yi kiɗa kyauta saboda zumunci. Da rawa ta yi zafi ya fara wasa ta: "Gafiya mai rumbu ɗaya a ƙasa!" Mijin Gafiya ya ji an rage masa daraja a gaban surukai, ya ɗaga murya ya ce ba ɗaya ba ne, uku ne. Dila ya canja kiɗa: "Masu rumbu uku a gindin kuka!" Mijin ya ce shi fa ba ya ajiya a gindin kuka kamar matsiyaci, a gindin tsamiya yake yi. Aka yi ta guɗa, aka kai amarya. Gari na wayewa suka tarar da ramuka uku a gindin tsamiya, ko ɓawon gyaɗa babu.

Ƙanena ya tambaya, "Iya, Dila ne ya haƙa?"

"Wa ya sani? Kowa ya ji waƙar." Ta dubi Inna. "Mai yabonka tambayarka yake yi. Kai ne kake amsawa da rawa."

Inna ta ce Tabawa yunwa ce kawai ta koro ta. Iya ta ce ai Dila ma ba ƙoshi ne ya kawo shi ba.

Ranar wuni tsakar gidanmu ya cika da mata, har da fuskokin da ban taɓa gani ba. Tabawa ta kifa ƙwarya a ruwa, ta yi waƙar rakiya da murya mai daɗi har Yaya Hansai ta yi kuka a cikin mayafi. Can sai kiɗan ya juya. Na ji ta ambaci sunan Baba, ta ce, "Manomin da fari bai ci irinsa ba..."

Iya ta miƙe. Tsohuwar da sai ta dafa bango take tashi, ranar zumbur ta yi, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Ba ta tsaya ba. Sauran mata suka ɗauka murna ce suka kama mata, guɗa ta danne waƙa, har Tabawa ta haƙura ta koma kan nasiha. Da aka watse, Iya da hannunta ta zuba wa Tabawa tuwo malmala biyu. Amma da ta nemi ta shiga ɗaki ta sha ruwa, sai Iya ta ce, "Zauna, 'yar nan, a kawo miki."

Bayan biki muka ji an fasa wani gida ta wajen Bagwai an kwashe musu iri, kwana kaɗan da yin aure a gidan. Wasu suka ce Tabawa ce ta yi kiɗan, wasu suka rantse ba ita ba ce. Namu irin ya kai damina. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana cewa an zargi baiwar Allah a banza.

Bara na aurar da 'yata a unguwar Bacirawa, cikin birni. Mai DJ ya durƙusa ya ce, "Hajiya, wace sana'a Alhaji yake yi? Shagunansa nawa? Ina so in wasa shi sosai." Na daɗe ina kallon fuskarsa, ban ga komai ba sai mai neman abincinsa. Duk da haka na ce ya kira amarya da ango, ya yi musu addu'a, ya tsaya nan. A zamanin da ake bin mutum har gida saboda an ji yana da abu, ban ga laifina ba. 'Yata ta ɓata rai, ta ce ni kowa ɓarawo ne a idona.

Har yau ban san ko hikima Iya ta bar mini ko tsoro ba. Na dai lura cewa wanda ya taɓa kwana a kan abincin da ba shi da ikon ci, ko an yi shekaru ana ƙoshi, ba ya sake jin yabo da kunne ɗaya.