Ranar da mai gadin Ashafa ya mutu

Malam Ashafa ɗan masaƙa ne na gado. A zauren babansa a Goron Dutse ya koyi ƙulla zare, tun yana zura ƙafa a ramin saƙa ba ta kai ƙasa. Da saƙar hannu ta daina ciyar da gida sai ya shiga wata masaƙar zamani a Sharaɗa, a nan muka haɗu. Ni Sabo injina na jikin nasa, mun daɗe muna shaƙar ƙurar auduga tare. Mutum ne marar surutu, ga tsabta har ta yi yawa, na sha tsokanarsa cewa ko inji sai ya yi wa alwala.

Kowane injin saƙa a wurinmu yana da wata na'ura da muke kira mai gadi. 'Yan siraran ƙarafa ne a jere, kowanne yana rataye a kan zare ɗaya. Zare na tsinkewa ƙarfensa zai faɗi, inji ya tsaya cak, jar fitila ta kama. Sai ka nemo zaren, ka ƙulla, ka tayar.

Abin da ba wanda ya sani sai ni shi ne, cutar yanar ido ta fara rufe idanun Ashafa. Zare dai ya daina ganinsa. Amma da ya ji injinsa ya yi shiru, sai ya shafa tafin hannu a kan ƙarafan nan, ya ji inda ɗaya ya nutse, ya bi da yatsa ya kamo bakin zaren. Ƙulli kuwa ko a mafarki zai yi shi. Ya roƙe ni kada in faɗa, domin duk wanda aka gane ba ya gani sallamarsa ake yi, ga shi yaransa biyar duk suna makaranta, babbar cikinsu Bahijja tana shirin jarrabawar fita. Na yi shiru, kuma ko yau aka maimaita shiru zan yi.

Da soja suka miƙa mulki mun yi murna, wallahi har da ni a masu cewa an wuce wahala. Ina! Atamfar waje ta cika Kantin Kwari, tamu ta zauna a sito. Masu masaƙar suka daina sayen kayan gyara. In na'urar wani inji ta lalace sai a ciro ta wani a saka, har aka rasa inda za a ciro.

Wata Litinin mai gadin injin Ashafa ya mutu. Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya girgiza kai. Gambo foman ya ce a cire wayar a ci gaba da aiki haka, ai iyayenmu da ido suka yi saƙa, kuma Baba Ashafa ya fi kowa sanin zare. Yabonsa yake yi fa, da zuciya ɗaya. Na ce a musanya mana inji, ya ce nawa mai faɗi ne, ba a sa dattijo a kansa.

Na yi ƙoƙarin duba nawa da nasa tare. Ba ya yiwuwa. Ina juyawa nawa ya tsaya, ina ƙullawa nasa na ta zuba. Shi kuwa yana tsaye ya ƙura wa zaren ido kamar mai gani, inji na ta ruri, ba ya tsayawa balle ya gaya masa komai. Ba halin ya sa hannu, sai ya guntule masa yatsu. Takaici ya ishe ni.

Kafin azahar mai duba yadi ya kira foman. Suka ɗaga yadin a hasken taga, ga layi nan ya tafi tun daga farko har ƙarshe, inda zare ya tsinke ba a ƙulla ba. Gambo ya kira Ashafa a hankali.

"Baba, ba ka ga wannan ba?"

"Ban gani ba."

"Duba nan, ga shi a gabanka."

"Gambo, kai ma da kake magana, inuwarka kawai nake gani."

Gambo ya ajiye yadin. Ya hau sama wurin masu masaƙar ya roƙa a mai da Ashafa shara ko gadin sito, aka ce ma'aikata ma rage su ake yi. Ya sauko idonsa ja, an sallami Ashafa.

Na raka Ashafa bakin ƙofa, na ɗauko masa kekensa na ce ya hau in bi shi a baya. Ya yi 'yar dariya, ya ce tun bara ba ya hawa. Turo shi yake yi tun daga Goron Dutse, tayar gaba na gaya masa inda rami yake, mutane kuma su zaci faci ya yi.

"Riƙe keken, Sabo," ya ce, ya ɗora hannu a kafaɗata. "Mu bi ta bayan layi. Ba na so Bahijja ta gan mu kafin ta gama jarrabawa."