Sarkin Teku na Gumel

Jiya a tashar mota wani dattijo ya riƙo hannuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Teku!" Sai na ji kamar a mafarki.

Bulus ne, malamin gona daga Filato da ya taɓa aiki a Gagarawa. A shekarun casa'in, mu ma'aikatan Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar mun ƙirƙiri wata ƙasa a takarda, irin wasan da matasa ke yi yanzu a waya. Kowane gari da rundunarsa, direbobin kasuwa ke kai wasiƙun yaƙi da sulhu. Ni da ban taɓa ganin teku ba, jiragen ruwa arba'in gare ni.

Na ce, "Bulus, ashe akwai mai tunawa da ni? Ofishin da na tsufa a ciki ma ya manta sunana."

Ya ce, "Haba, yallaɓai! Rundunar Gagarawa tana bakin gaɓa tun ranar da aka canja mini wurin aiki. Kai muke jira ka ƙetarar da mu."

Motarsa ta cika, direba yana ta oda. Na ce, "Ku hau, iska ta yi kyau yau."

Ku masu wasa a waya, akwai wanda zai jira ku haka?