Hotunan 'Yata da Muciya

Tun ranar suna nake tsoron kada 'yata ta rame ban lura ba. Haka yayanta ya tafi, a hankali, ina kallonsa kullum amma idona bai ga bambancin jiya da yau ba. Shi ya sa kowace Juma'a, kafin maigidana ya fita ofis, nake kwantar da ita a tabarma, in ajiye muciya a gefenta, ya ɗauke ta hoto da wayarsa. Ya zuba a kwamfuta, ni kuma in jera su in duba: ƙafarta ta wuce tabon ƙuna na jikin muciyar ko ba ta wuce ba, cinyar ta ciko ko ta zube.

Lokacin kuɗin mai ya yi yawa a ƙasa, an ƙara wa ma'aikata albashi, kusan kowa a ofishinsu ya sayi kwamfuta. Tamu ta cika, ta koma tafiyar hawainiya. Wani mai gyara a bakin tashar Wudil ya ba shi manhaja biyu masu share tarkace, ya ce ya zaɓa. Ɗaya tana jero maka abin da za ta goge, ka duba ka amince. Ɗayar dannawa guda ce, ta kwashe komai, har hotunan da ta ga sun yi kama da juna.

Na ce, "Malam, ka sa mai tambayar nan."

Ya yi dariya. "Ke da ba ki gama firamare ba, yau ke ce injiniya? Abokina na Kausani mai saurin yake amfani da ita. Ina na ga lokacin karanta dogon jeri?"

"Ko tsakar gida zan share, sai na ɗaga abin da ke ƙasa na duba."

"To wannan ba tsintsiya ba ce."

Kafin in sauke tukunya ya gama. Hoto ashirin da uku ne, na san adadinsu. Guda ɗaya manhajar ta bari. Tabarma ɗaya, muciya ɗaya, yarinya ɗaya, wai maimaici ne. Na cikin wayar kuwa ya daɗe da goge su don ya sami wuri.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na yi magana sai ya ce, "Ga yarinyar a bayanki, me za ki yi da hoto?" Na ce yayanta ma a bayana yake lokacin da yake zubewa. Ya ɗauki kwamfutar. Ya koma wurin mai gyaran, ba a samo ko ɗaya ba.

A makon nan ta yi zawo, ni kuma ba ni da abin gwadawa. Sai na koma zare: in zagaya damtsenta, in ƙulla, in ajiye a ƙasan akwati, wata Juma'ar in sake. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci.

Don Allah, in za ka share kwamfutar gidanku, ka sa wadda take nuna maka abu kafin ta goge, kuma ka kira matar gidan ta duba tare da kai.