Ranar da Wayar Goggo Ungozoma Ta Cika

Ku matso kusa, wani sirri zan gaya muku a kan Goggo Ungozoma. In kuka kai shi gaba, ni ban san ku ba, ban taɓa ganin ku ba. Sai dai ku dakata, sai na fara muku da wayarta tukuna.

Wayar nan ta girmi wasu matan aure a layinmu. Gilashinta ya tsattsage kamar diddigen manomi, bayanta ɗaure da kyauro, in ta yi ƙara har kajin maƙwabta sai sun watse. Amma rabin yaran unguwar nan ta cikinta suka biyo zuwa duniya. Ma'aikatan asibiti ne suka buɗe wa Goggo zaure a ciki, na mata masu juna biyu. Mace ta ji abin da ba ta gane ba, sai ta danna ta yi magana, ba sai ta iya rubutu ba. Goggo ta kara a kunne, daga nishin kawai ta san wadda za ta leƙa da wadda za a kwasa sai asibiti.

Mai kwasar kuwa mijinta ne, mai keke mai ƙafa uku. A gaban mutane kullum cikin tsiya suke. Ita ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "mutumin nan". Shi kuma "Likita" yake ce mata don ya kunna ta. In ta tura masa saƙo, sai ya amsa da murya:

"Likita, ga ni nan tafe. Ki ce wa jaririn ya ɗan dakata, akwai cunkoso."

"Likita, kin bar tabaranki a kujerar baya. To da me kike ganin 'ya'yan mutane?"

Ita kuma ta ce, "Ka zo ko in nemi mai keke na gaske."

Bara mijin ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, bai tashi ba. Ƙaninsa ya karɓi keken. Goggo ta koma bakin aiki, ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani, har ana cewa zuciyar dutse gare ta. Ashe kullum da rana, in layi ya yi tsit, sai ta tura ƙofa ta zauna a bakin gado ta kunna saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. In ya ce ga shi nan tafe, sai ta ce, "Ka daɗe."

Sai wayar ta fara ƙorafin ta cika. Goggo ta goge hotunan jarirai. Ta goge na jikokinta, har da wanda aka ɗauka da ita. Muryar mutumin nan kuwa, ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Ran nan da safe matar tela ta ga jini, ta tura saƙo, saƙo bai shiga ba. Ta sake, shiru. Sai da tela ya zo da gudu ba takalmi, tef ɗin awo rataye a wuya, yana dukan ƙofa kamar zai ɓalle ta. Da ƙyar aka kai. Uwa ta rayu, jariri sai da aka sa shi a kwalba. Malamar asibiti ta ja Goggo gefe ta ce, "Goggo, yau Allah ya rufa asiri. Wayar nan a kai ta a share, yau ba gobe ba."

Ta tafi wurin Injiniya, mai gyaran waya da ke bakin titi. Teburinsa kun san shi: lema a sama, wayoyin caji a harɗe kamar hanjin kaza, ga gawarwakin wayoyi cike da kwali. Kuma ranar kamar an yi shela. Mahauci na nan, tela na nan, 'yan mata masu jiran caji sun cika benci, har da wata mai dogon kunne da ba zan faɗi ko wace ce ba.

Injiniya, da muryarsa kamar lasifika, ya ce, "Goggo, wanke ta zan yi tas. Akwai abin da kike so in kwashe miki a kati kafin nan?"

Ta buɗe baki. Ta dubi benci. Duk wanda ke wurin, ko ita ta karɓi haihuwarsa ko ta 'ya'yansa. Da furfurarta, a gabansu, ta ce muryar mijinta take saurare? Kunya ta hana ta.

"Lambobin matan nan kawai."

"Kin tabbata, Goggo?"

"Ni na yanke maka cibiya, ni kake tambaya ko na tabbata?"

Aka kwashe da dariya. Ya danna. Tana tsaye tana kallon wani ɗan layi yana tafiya a gilashin har ya kai ƙarshe. Ya miƙo mata yana washe baki: "Ta dawo amarya!" Kafin ta kai kwanar layinmu, saƙonnin mata sun fara shigowa, tin, tin, tin.

Washegari ta riga kowa zuwa, ta raɗa masa zancen saƙonnin mijinta. Injiniya ya kasa haɗa ido da ita. Ya bincika, ya sake bincikawa. Wayar marigayin ma tuni ƙanin ya wanke ta. Ya ce, "Goggo, da a kunne kika faɗa mini." Ta ce, "Ai shi ne," ta gyara mayafi ta tafi awon ciki.

To ga sirrin. Har yau Goggo na tura wa lambarsa saƙo. Saƙon ya tafi, alama ɗaya ta fito, ta biyun ba ta zuwa. Jiya na hau bokiti a bayan katanga, shanya kawai nake, Allah ya sani, sai na ji ta:

"Mutumin nan, ɗan tela ya fito daga kwalba, kunnuwa irin na ubansa. Ƙaninka ba ya jin kira sai an yi uku." Can ta ƙara da cewa, "Na fara manta yadda kake cewa Likita. Ja kake yi ko yankewa?"

Ta gwada. Ta sake gwadawa. Nan bokiti ya ci amanata, ya yi ƙara.

"Ke, mai kunnen zomo! Sauko kafin ki karye in sha wahalarki."

Na leƙo. Idonta ja wur, wayar a cinya. Na shirya shan zagi, sai ta ce, "Tunda shekara da shekaru kina laɓe, ai kin sha jin sa. Yaya yake faɗa?"

Na gyara murya, na kwaikwaya iya ƙoƙarina.

Ta daɗe tana kallona. "Ba haka ba ne," ta ce, ta tashi ta tura ƙofa.